HAWAN KEKE DON YAƘI DA CIWON DAJI: Yadda Tafiyar Kwana Biyu Ta Tara Dala Miliyan Dubu



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau wata al'ada ce ta mutanen Amurka da Turai, wadda in mutum ya fara jin labarinta sai ya ɗauka wasa ne. Watau dubban mutane su hau kekuna su yi tafiyar ɗaruruwan mil, ba tsere suke yi ba, ba su kuma rasa kuɗin mota ba, wai don a tara wa asibiti kuɗin yaƙi da ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Tambayar da duk mai hankali zai yi ita ce, me ya haɗa taka feda da kuɗi? In mutum yana da niyyar taimako, me zai hana shi ya kai wa asibitin abin da ya sawwaƙa, ya koma gida ya huta? Zan yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya da misali guda, watau hawan da ake yi kowace shekara a Jihar Masachusets ta arewa maso gabashin Amurka, wanda ake kira Pan-Mass Challenge. Na zaɓe shi ne domin a cikin wasannin motsa jiki da ake shiryawa don neman taimako a ƙasar, babu wanda ya kai shi tara kuɗi.

Amma kafin mu hau keke, lalle ne mu san inda kuɗin ke zuwa, domin asibitin ya girmi hawan da shekara talatin da 'yan kai.

A cikin 1947 akwai wani likita a Asibitin Yara na birnin Boston mai suna Sidney Farber. Aikinsa na asali duba jini da tsoka ne a ƙarƙashin madubin likita, ba duba marasa lafiya ba. A zamanin nan yaron da ya kamu da ciwon dajin jini mai tsanani ba ya wuce 'yan watanni, wani ma 'yan makonni. Abin da likitoci ke iyawa kawai shi ne su ƙara masa jini, su lallashi iyayensa. Farber ya san akwai wani sinadari da jiki ke bukata wajen haifar da sababbin ƙwayoyin jini, wanda ake kira folik, sai ya gwada ba yaran irinsa da fatan jininsu zai gyaru. Abin ya zo akasin haka, ciwon ya ƙara sauri. Daga nan ne ya juya tunaninsa. In ciyar da ƙwayoyin daji da wannan sinadari yana ƙara musu ƙarfi, to, ashe hana su shi yana iya karya su. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Indiya da ke aiki a Amurka, Yellapragada Subbarow, shi da abokan aikinsa suka haɗa masa wani magani mai suna aminofterin, wanda ya yi kama da folik har ƙwayar takan ruɗe ta karɓe shi, amma ba ya yi mata aikin da take bukata. A watan Yuni na 1948 Farber ya buga sakamakon gwajinsa: cikin yara 16, guda 10 sun sami sauƙi. Sauƙin na 'yan watanni ne, ciwon ya komo. Duk da haka wannan ne karo na farko da aka ga magani ya kori dajin jini daga jikin yaro, ko da na ɗan lokaci.

Bincike kuwa yana cin kuɗi, Farber kuma ba shi da su. Wata ƙungiya ta masu gidajen silima da wasanni ta shiga lamarin, aka zaɓi wani yaro ɗan shekara 12 daga cikin majinyatansa, aka sa masa suna Jimmy don a sakaya sunansa na gaskiya. Ran 22 ga watan Mayu, 1948, aka kai na'urar wani shahararren shirin rediyo har bakin gadonsa, 'yan wasan besbol na ƙungiyar da yake so suka shigo ɗakin ɗaya bayan ɗaya suna gaishe shi, jama'ar ƙasa suna saurare. Aka roƙi mutane su aiko da abin da suke iyawa. Kafin shekarar ta ƙare an tara fiye da dala 200,000, mafi yawansu daga ƙananan kyaututtuka. Wannan shi ne asalin Asusun Jimmy, wanda ya gina wa Farber gidan bincike da jinya da aka buɗe a 1952. Gidan ne ya girma ya zama cibiyar da tun 1983 ake kira Dana-Farber. Shi kuwa yaron, shekara da shekaru kowa na zaton ya daɗe da mutuwa. Sai ga shi a 1998 ya bayyana, dattijo mai jikoki, ya yi rayuwarsa yana tuƙin manyan motoci. Sunansa Einar Gustafson, ya rasu a 2001, ba kuwa ciwon daji ne ya zama sanadinsa ba.

Na tsaya a kan wannan tarihi ne don mu gane cewa lokacin da 'yan keke suka zo, sun tarar da asusu wanda mutanen yankin suka sani tun suna yara, suka saba jefa kwabo a cikin gwangwaninsa a gidan silima da filin wasa, suka kuma ga ginin da kwabon ya yi da idonsu.

Wanda ya ƙago hawan wani saurayi ne mai suna Billy Starr. Mahaifiyarsa ta rasu da ciwon dajin fata a 1974, tana da shekara 49. A 1980 ya tara mutum 36, suka hau kekuna suka yi tafiyar mil 220 daga cikin jihar zuwa Provincetown, garin da ke can ƙarshen wani dogon harshen ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, ya lanƙwashe kamar hannun mutum. Shirin bai kankama ba a karon farko, don har ɓatan hanya an yi. Abin da suka miƙa wa Asusun Jimmy dala 10,200 ne, watau kowane mutum bai kai ga dala 300 ba.

Daga baya abin ya zauna a kan tsari. An yi fiye da shekara 40 ana tashi da asubahin Asabar ta farkon watan Agusta daga wani ƙaramin gari mai suna Sturbridge, a yini ana tafiya har Bourne, a kwana a makarantar koyon aikin jirgin ruwa da ke can, kashegari tun da duhu a ƙetare gada a nufi Provincetown. Jimlar tafiyar wajen mil 190 ce, kilomita 300 ke nan da 'yar ɗoriya, kusan kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Zariya ya komo. An kuma ƙara wasu hanyoyi gajeru na yini ɗaya saboda waɗanda ƙarfinsu bai kai ba. A kan hanya akwai zango-zango inda ake shan ruwa, a ci abinci, bakanike ya gyara sarƙa ko ya yi faci, ma'aikatan jinya su duba wanda zafi ya galabaitar. Dubban masu aikin sa kai ne ke yin wannan hidima, ba a biyansu ko sisi. Ba a ba da lambar zuwa na ɗaya. A 2024 mahaya fiye da 6,000 suka fita, aka miƙa wa Dana-Farber dala miliyan 75, a shekarar ce kuma jimlar abin da hawan ya tara tun daga 1980 ta haye dala biliyan 1, watau miliyan dubu.

To, mu koma kan tambayarmu. In an raba dala miliyan 75 tsakanin waɗannan mahaya, kowannensu ya kawo sama da dala 10,000. Daga ina?

Yawancin kuɗin ba daga aljihun mahayin suke fitowa ba. Daga 'yan'uwansa ne, da abokan aikinsa, da maƙwabtansa, da waɗanda suka yi makaranta tare. Kowane ɗayanmu ya san nauyin roƙo. Mutum mai mutunci yakan ji kunya ya bi abokansa yana cewa su ba da kuɗi, ko da don alheri ne, su ma ba su da wuyar cewa sai an kwana biyu. Amma in ya zo ya ce, ga shi wata huɗu ke nan yana tashi da sassafe yana horar da kansa, zai yi tafiyar kwana biyu a kan sirdi cikin zafin bazara saboda matarsa da ke jinya, ko mahaifinsa da ya rasu, to, magana ta sake. Ya riga ya sa nasa kason, ya sa shi kuwa da jikinsa, inda kowa ke gani. Wahalar da zai sha ita ce shaidar cewa da gaske yake, ita ce kuma ta ɗauke masa kunyar tambaya. A nawa ganin amfanin keken ke nan. Da hawan ba shi da wuya, da ba wanda zai kula da shi. Da kuma wuyarsa ta kai ta gwanaye, da malamin makaranta mai shekara 55 bai iya shiga ba, alhali shi ne mai tarin mutanen da za su ba shi. Mil 190 cikin kwana biyu ya faɗa tsakani.

Abu na biyu, wanda nake so ma'aikata su lura da shi sosai, shi ne yadda ake ɗaure alkawari. Ba a barin mutum ya shiga don ya ce zai yi iyakar ƙoƙarinsa. Tun ranar rajista ake yanka masa mafi ƙarancin abin da zai kawo, wanda a 'yan shekarun nan ya kai dala 6,000 ga mai bin doguwar hanya, ya kuma ajiye lambar katinsa na banki. In wa'adi ya cika bai cike adadin ba, sai a cire ragowar daga nasa. Akwai masu ganin wannan tsanani ne, yana kuma korar marasa hali. Ƙorafin yana da tushe. Amma ku gwada shi da abin da muka saba gani a wajen ƙaddamar da asusun neman taimako, inda ake kiran manya ɗaya bayan ɗaya, mai magana yana faɗin adadi, ana tafi, maroƙa na kirari, sa'an nan bayan shekara ma'aji yana nan yana bin ofis-ofis da takardar alkawura a hannu. A can Masachusets sai kuɗi sun shiga asusu tukuna ake sanar da jimla, a wani biki da ake yi bayan watanni da gama hawan.

Akwai kuma abubuwa biyu na tsarin ƙasar da ke taimakawa. Dokar haraji ta Amurka ta yarda a cire abin da mutum ya ba irin wannan asusu daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Kamfanoni da yawa kuma suna da al'adar in ma'aikacinsu ya ba da dala ɗari, su ma su ɗora ɗari.

Abu na uku shi ne amana, a nan ne kuwa wasu suka faɗi. Shirya wa mutum dubu shida abinci, da makwanci, da motocin kaya, da inshora, da albashin ma'aikatan da ke aikin duk shekara, yana cin miliyoyi. A shekarun 1990 wani kamfani na Dan Pallotta ya shirya irin wannan hawa a wurare da dama na Amurka don taimakon masu ciwon ƙanjamau. An tara kuɗi masu yawa ƙwarai, amma jaridu suka bi lissafi suka nuna cewa a wasu hawan abin da ya isa ga ƙungiyoyin jinya bai kai rabi ba, sauran ya tafi wajen talla da hidima. Pallotta ya kare kansa da cewa a dubi yawan abin da ya isa, kada a dubi kashi nawa ne cikin ɗari, domin rabin tuwo mai yawa ya fi dukan ɗan kaɗan ƙosarwa. Hujjar ba banza ba ce, har yanzu kuma ana muhawara a kanta. Sai dai mai bayarwa ba haka yake lissafi ba. Yarda ta zube, kamfanin ya rufe a 2002.

Masu Pan-Mass sun bi wata hanya. Tun daga 2007 kowace dala da mahayi ya tara tana tafiya Dana-Farber ba a taɓa ta ba. Ba wai hidimar ta daina cin kuɗi ba ne. An raba jaka biyu ne kawai: kuɗin rajista da mahaya ke biya dabam, da gudummawar kamfanoni, da kayan abinci da motoci da ake bayarwa kyauta, su ke ɗaukar nauyin shiri. Mai son gardama yana iya cewa ai duk kuɗin jama'a ne, an dai sauya musu aljihu. Gaskiya ne. Amma wannan rabo ya ba mahayi damar ya dubi ƙanwar mahaifiyarsa ya ce mata dala hamsin ɗinta za su isa asibiti cif, ya kuwa faɗi gaskiya.

Wani abin da ya tsare hawan shi ne ba a rataye shi a wuyan jarumi guda ba. Ku tuna da Lance Armstrong, gwanin tseren keke da ya warke daga ciwon daji, ya kafa gidauniya a 1997, ya ci babban tseren Faransa sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005. Miliyoyin mutane suka ɗaura rawayen abin hannu na gidauniyarsa. Da aka ƙwace nasarorinsa a 2012 saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari, shi ma ya amsa laifin a farkon 2013, sai kuɗin shigar gidauniyar suka faɗi warwas, alhali masu jinyar da take taimako ba su yi laifin komai ba.

Shekarar 2020 ta ba mu gwajin da babu mai bincike da zai iya shirya irinsa. Annobar korona ta hana taro, ba a yi hawan gayya ba, kowa ya zaga unguwarsa shi kaɗai ko da iyalinsa. Ba zango, ba masu tafi a bakin hanya. Duk da haka an tara dala miliyan 50, bayan an sami miliyan 63 a 2019. An rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar, kashi huɗu suka zo, domin waɗanda suka saba bayarwa kowace bazara ba su fasa ba.

Yanzu, me kuɗin ke yi? Kada yawansu ya ruɗe mu. Kasafin Hukumar Binciken Ciwon Daji ta gwamnatin tarayyar Amurka a 2024 ya haura dala biliyan 7, watau abin da 'yan keke suka tara a shekarar kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari na wannan. Darajarsu tana cikin irinsu ne. Kuɗin gwamnati sai an rubuta takardar nema, kwamitin masana ya duba, mafi yawan masu nema kuma ba sa samu. Kwamiti yakan fi son aikin da ya riga ya nuna alamar nasara, da mai binciken da ya riga ya yi suna. Matashin likita mai sabon tunani ba shi da sakamakon da zai nuna sai ya yi gwaji, ba zai kuma yi gwaji ba sai da kuɗi. Kuɗin keke ne ke kwance wannan ƙulli. Wani kashi mahaya ne ke zaɓen sashen da za a kai shi, sauran kuwa hukumar cibiyar ke sa shi inda ta ga bukata: na'ura, ko albashin sabon mai bincike, ko gwajin magani na wani nau'in daji da masu shi ba su da yawan da zai ja hankalin kamfanonin magani, ko taimakon iyalin da jinya ta cinye musu dukiya. Hawan shi kaɗai yana kawo fiye da rabin abin da Asusun Jimmy ke samu a shekara. Irin wannan aiki kuma ba ya nuna da wuri. William Kaelin na Dana-Farber ya sami lambar Nobel a 2019 tare da wasu masana biyu, saboda binciken da ya faro tun shekarun 1990 a kan yadda ƙwayar jiki ke gane ƙarancin iskar shaƙa, sai a 2021 aka yarda da wani maganin dajin ƙoda da ya tsiro daga wannan ilmi.

Saura iyakar abin, wadda bai kamata a ɓoye ta ba. Masachusets tana cikin jihohi mafi arziki a Amurka. Mahayin da ke iya sayen keken tsere, ya sami hutun horar da kansa, ya kuma san mutum hamsin masu rarar kuɗi, ba talaka ba ne. Saboda haka irin wannan taimako yakan kwarara ne zuwa inda dukiya ta riga ta taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa wajen 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba.

Abin takaicin shi ne Afirka tana da hannu a cikin ilmin da ya kawo wannan nasara. A 1958 wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya bayyana wani ciwon daji na kaluluwa da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda, wanda daga baya aka gane ya bi yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari, har da Nijeriya. A farkon shekarun 1960 likitoci a Kampala da Nairobi suka gwada masa maganin metotireksat, ƙanen wannan aminofterin na Farber, da wasu irinsa, sai aka ga kumburi yana narkewa cikin kwanaki, wasu yaran kuma suka warke sarai. A Ibadan, Victor Anomah Ngu ya yi irin wannan aiki, har ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar Lasker ta Amurka a 1972 tare da Burkitt. Abin da aka gani a waɗannan asibitoci yana cikin hujjojin farko da suka tabbatar wa likitocin duniya cewa magani shi kaɗai, ba tare da wuƙa ba, yana iya warkar da daji.

Waɗannan magunguna tsofaffi ne yanzu, ba su da tsada ainun, suna kuma cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lalle kowace ƙasa ta tanada. Yaron da ke mutuwa da wannan ciwo a ƙasashenmu yawanci an kawo shi ne a makare, ko ba a sami mai duba tsokar a gane ciwon ba, ko maganin ya yanke a tsakiyar jinya, ko kuwa iyaye sun sayar da abin da suka mallaka, kuɗin mota da na gado sun ƙare, sun ɗauke shi sun koma gida kafin a gama allurai. Bukatarsa ta sha bamban da ta cibiyar Boston, kuɗin da za su biya ta kuma ba su kai na can ba ko kusa. A 2018 Hukumar ta ƙaddamar da wani shiri tare da Asibitin Yara na St. Jude da ke Amurka, da nufin kafin 2030 a kai ga warkar da aƙalla yara 60 cikin kowane 100 masu ciwon daji a duniya baki ɗaya.